Karatun safe a shekarar da al'amura suka tsaya

Malamar firamare, Katsina:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Shekara uku ke nan kiran sallar asuba daga masallacin unguwarmu shi ne agogona: in tashi, in ɗora ruwan koko, in buɗe Littafi Mai Tsarki kafin yara su farka. Amma tun da maigidana ya rasa aikinsa bayan Ista, sai na iske baki ne kawai ke karanta ayoyin amincin Allah, zuciya kuwa tana can tana lissafin kuɗin haya. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya gaya mini yadda ya yi da karatunsa.

Dattijo mai ritaya, Daura:
'Yata, na san wurin da kike tsaye. Shekarar da mai ɗakina ta rasu, na yi wajen wata biyu ban wuce Makoki 3:22-23 ba, inda aka ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne. Da farko haushin ayar nake ji, domin na ɗauka maganar wanda ya ƙoshi ce. Sai wata rana na koma na karanta littafin tun daga sura ta fari, na ga cewa mai maganar yana zaune ne a kangon Urushalima bayan da Babila ta rushe ta wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, yara suna suma da yunwa a kan tituna. Tun ranar na daina tsinto aya ita kaɗai kamar mai tsintar gyaɗa. Tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 na mahaifina nake riƙe da shi har yau, bangonsa ɗaure da zare, ko da yake jikokina suna dariyar Hausarsa.

Ɗalibin koyon jinya, Katsina:
Mama, ni kuskurena gaggawa ce. Na ji cewa Littafi Mai Tsarki surori 1,189 ne, kuma mai karanta uku kullum da biyar ranar Lahadi zai sauke cikin shekara, sai na ɗauka da zafi, na maƙale a Littafin Firistoci cikin Fabrairu. Yanzu Karin Magana nake bi, sura ɗaya bisa kwanan wata tun da 31 ne, a waya, kafin in shiga aikin dare.

Shugabar zumuntar mata, Katsina:
Ƙanwata, kada ki bari rashin jin daɗin karatun ya sa ki ajiye shi. Daminar da ruwa ya ɗauke mana gero yana fitar da kai, Habakuk 3:17-18, inda annabin ya ce ko gonaki ba su ba da abinci ba zai yi murna da Ubangiji, muka riƙa karantawa da maigida a bakin rumbun da babu ko dami goma a ciki, kuma gaskiya ba kullum muka iya cewa amin da ƙarfi ba. Abin da ya taimake ni shi ne ƙaramin littafin rubutu, inda nake sa kwanan wata da abin da muka ci a ranar, har da kwanon masarar da maƙwabciyata Musulma ta aiko ba tare da na roƙa ba.

Malamar firamare, Katsina:
Na gode, Baba, na gode, Yaya. Gobe da asuba zan fara Makoki daga sura ta fari, kuma na riga na ware ɗaya daga cikin littattafan rubutun yara.