Farin da murjani ke yi: wace kalma za mu ba shi?

Jama'a, kalma nake nema. Ɗana ya dawo daga makaranta a nan Jidda da darasin "ibyidadul marjan", wato sunan da Larabci ke ba farin da murjani ke yi a teku. Kakarsa ta ce a faɗa mata da Hausa, bakina ya mutu.

Mu dai murjani a wuyan amarya muka san shi. Amma na ƙarƙashin Bahar Maliya halitta ce mai rai. A jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka, su ke ba shi launi da yawancin abincinsa. In zafin ruwa ya ɗara na bazara da digiri 1 kacal, ya jima makonni, sai murjanin ya fitar da su, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. An ga haka wajen Thuwal, arewa da Jidda, a 2010, aka sake gani a kudu wajen Al-Lith a 2015. Abin yana damuna ƙwarai, don kifin najil da harid da muke saya a kasuwar Bangala, cikin murjanin nan ne gidansu.

Wani ɗan'uwa daga Bur Sudan ya rubuto: "Malam, a ce farin murjani mana." Na gode, amma mai karatu zai ɗauka wani iri ne, kamar farin doki.

Wata Hajiya a Makka ta ce: "Ɗana, furfura ce wannan." Hajiya, kalmar ta yi mini daɗi, na kwana ina juya ta. Sai dai furfura tsufa ke kawo ta, kuma ba ta komawa baƙi. Wannan kuwa zafi ne, yana kama murjani ko da ƙuruciyarsa, in ruwa ya huce da wuri yakan farfaɗo.

Ni na tsaya kan koɗewar murjani. Zane rana ke koɗar da shi, kuma koɗaɗɗen zane bai zama tsumma ba, ana mai da shi marina. Wani ya ce kalmar ta yi sauƙi, ba ta ɗauko girman asarar ba. Ai shi ya sa nake son ta. Wanda ya koɗe da sauran numfashi. In ya wuce nan, gansakuka ta lulluɓe shi, sai mu ce ya mutu, kada mu haɗa biyun.

'Yan'uwa na Bur Sudan, ku da ke kusa da Sanganeb, tsibirin murjanin nan, masuntanmu na can me suke ce masa in sun gan shi?