Kundin ayyukana ya yi kamar na mutum goma: wa ya taɓa shiga wannan halin?

Ɗalibar zane:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a karatun zane, wata huɗu suka rage mu gama. An ce kowa ya haɗa kundin ayyukansa, wanda zai riƙa nunawa wajen neman aiki. Na kwashe duk abin da na yi a shekara uku, guda 37, fosta da tambari da bangon littafi da tsarin manhajar waya, na jera su na kai wa malaminmu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Ku nawa kuka yi wannan?" Wallahi ban san lokacin da na yi dariya ba, sai da na koma ɗaki abin ya dame ni. Gaskiya ya faɗa. Kowane aiki da irin fuskarsa, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Ga kuma tambarin kaina. Sau shida ina zanawa ina gogewa. Yau in ga ina son baƙi da fari, gobe in ga na wani a Behance, shafin intanet da masu zane ke nuna ayyukansu, in ji nawa ya zama shirme. Don Allah waɗanda suka wuce wannan matakin, ku faɗa min yadda ta kaya muku.

Tsohon ɗalibi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. 37 sun yi yawa, fara daga nan. Ni 24 na kai intabiyu ta farko, ina ganin yawan zai burge. Mutumin bai tsaya kan waɗanda nake alfahari da su ba, sai da ya kai wata fosta da na yi a shekarar farko, wadda na cusa salon haruffa har kala biyar, ya ɗora yatsa ya ce in yi masa bayaninta. Minti goma muka yi a kan aikin da ni kaina ba na so. Ban samu aikin ba.

Da na dawo sai na rage zuwa takwas. Cirewar ta yi min ciwo, don akwai wanda na yi sati uku ban yi barcin kirki ba a kansa. Amma wahalar da kika sha ba ta fitowa a shafi, abin da ido ya gani shi ne kawai. Ma'aunin da na yi amfani da shi: duk aikin da zan fara bayaninsa da "ai lokacin ban iya ba tukuna", ya fita.

Mai launi ɗaya:
Ni kuskurena akasin naki ne, bari in ba ki labari kada ki faɗa ramin da na faɗa. Da aka ce min ayyukana ba su haɗu ba, sai na fahimci maganar a gurguje. Na zaɓi shuɗi mai duhu da ruwan goro, na ce su ne launukana. Na koma kan tsofaffin ayyuka na sake musu launi ɗaya bayan ɗaya, har da fostar wata ƙungiyar ɗalibai wadda asalin launinta kore ne. Shafina ya yi kyau ƙwarai daga nesa, kamar an yi wa yara anko.

Ranar da wata mata mai ɗakin zane ta duba, tambaya ɗaya ta yi min: "Idan na ba ki kwastoman da launinsa ja ne fa?" Na rasa amsa. Ta ce abin da ta gani shi ne mai zanen da ke tilasta wa kowane aiki ya yi kama da ita, alhali aikinmu shi ne mu sa abu ya yi kama da mai shi. Sai da na mayar da kowane aiki launinsa na asali. Abin da na bari iri ɗaya shi ne gidan da suke zaune a ciki: farin shafi, salon haruffa guda, girman hoto guda, taken aiki a wuri guda. Can ne haɗuwar take, ba a cikin ayyukan ba.

Mai duba kundi:
Ni ina ɓangaren da ake turo wa kundin, shekara ta bakwai ke nan. Zan faɗi abin da ke faruwa a teburina ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kallon farko ba ya kai minti biyu. Idan aikin farko da na biyu ba su riƙe ni ba, da wuya in kai na biyar. Don haka mafi ƙarfi a gaba, na biyu a ƙarfi a ƙarshe.

Abin da ya fi gundurata shi ne hotunan ƙarya: tambari a jikin kofi, a jikin riga, a jikin allon talla, shafi goma, amma ba jimla ɗaya da ta ce me aka nema da me ya sa aka zaɓi wannan siffar. Kowa na iya sauke irin waɗannan hotunan ya manna aikinsa. Abin da ba a saukewa shi ne tunani. Nuna min zanen fensir ɗin da kika fara da shi, da hanyoyi biyun da kika gwada kika watsar, da dalilin watsarwar. Lokacin da shahararren mai zane Paul Rand ya yi wa Steve Jobs tambarin kamfaninsa na kwamfuta, NeXT, a 1986, tambari ɗaya tak ya kawo, amma ya haɗo shi da ɗan littafin da ke bin tunaninsa mataki-mataki har zuwa inda ya tsaya. Mutumin da ya riga ya yi wa IBM tambari ke nan, bai ga ya fi ƙarfin bayani ba.

Wani abu kuma: aikin rukuni. Ki rubuta ainihin abin da hannunki ya yi. Na taɓa samun aiki ɗaya a kundin mutum uku 'yan aji ɗaya cikin mako guda, kowa ya sa shi kamar shi kaɗai ya yi. Duka ukun na ajiye gefe.

Tambarin kanki kuwa, ki huta. Ban taɓa ɗaukar kowa saboda tambarinsa ba. Sunanki da haruffa masu tsabta ya isa.

Ɗan haruffa:
Malam, a nan zan ɗan saɓa maka da girmamawa. Na yarda tambari ba ya ba da aiki, amma suna yana hanawa. Ni sunana uku ne a intanet: ɗaya a Instagram da lambobi a ƙarshe tun ina sakandare, wani a Behance, wani daban a LinkedIn. Wani ya ga aikina, ya neme ni ya rasa, sai bayan wata biyu muka haɗu ya faɗa min, aikin kuma an riga an ba wani. Tun ranar na mayar da komai suna ɗaya, hoto ɗaya, jimlar gabatarwa ɗaya, har adireshin imel.

Sannan ga abin da ya shafi masu rubutu da harshenmu. Sunana yana da ɗ mai lanƙwasa. Na zaɓi wani salon haruffa mai kyan gaske don katin shaidata, na buga sunan, sai ga akwati fanko a tsakiyarsa. A wata manhajar kuma sai ta aro harafin daga wani salon, ya fito kamar baƙo a cikin dangi. Yanzu kafin in so kowane salo sai na gwada shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Dangin haruffan Noto na Google suna da su duka, kuma kyauta ne. Ki duba lasisi ma, don wasu na kyauta an yarda a yi aikin kai da su ne kawai, ban da na kasuwanci.

Mai duba kundi:
Wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Suna ɗaya ko'ina. Ni sau shidan da ta yi tana zana tambari ne nake ce mata ta bari.

Ta bayan aji:
Nawa gajere ne. Kundina na PDF ya kai megabait 80 saboda na zuba hotuna da girmansu na bugawa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25, sai na tura mahaɗi, na manta ban buɗe izinin dubawa ba. Kwana tara ina jiran amsa, ashe ba wanda ya iya buɗewa. Ki tura wa wata ƙawarki tukuna, ta buɗe a waya, ba a kwamfuta kaɗai ba. In kuma za ki buga a takarda, ki mayar da launukan daga RGB (tsarin launin fuskar kwamfuta da waya) zuwa CMYK (tsarin launin injin bugawa) ki gani da idonki kafin a buga. Shuɗina mai haske ya fito kamar an wanke shi sau ɗari.

Tsohon ɗalibi:
Na manta wani abu. Rabin ajinmu sun sake zana tambarin manyan kamfanoni sun sa a kundi, ni ma na yi na Nike. Ba laifi ba ne a matsayin atisaye, amma ba wanda ya ba ka sharaɗi, ba wanda ya ce bai so, ba wa'adi. Abin dariyar ma, ɗaliba ce ta zana ainihin tambarin, Carolyn Davidson, a 1971, aka biya ta dala 35. Ita aikin gaske ta karɓa daga ƙaramin kamfanin da ba a san shi ba a lokacin. Aikin da ya fi jawo min tambayoyi a intabiyu shi ne alamomin nuna hanya da na yi wa ɗakin karatun sashenmu, don mutane suna yawan ɓata tsakanin kantocin littattafai. Ba shi da ƙyalli ko kaɗan, amma ina da hoton kafin da na bayan, ina kuma da labarin yadda aka ƙi na farko saboda rubutun ba ya karantuwa daga bakin ƙofa.

Mai launi ɗaya:
A kula da ayyukan horon aiki kuma. Ni na sa hannu a takardar riƙe sirri ban karanta da kyau ba, na ɗora aikin a shafina kafin waɗanda na yi horon a wurinsu su fitar da shi, sai ga kira da sassafe. Na sauke, na ba da haƙuri, amma kunyar ba ta sauka da wuri ba. Ki tambaya a rubuce kafin ki ɗora.

Ɗalibar zane:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na buga su duka ƙanana a takarda na baza a ƙasa, na fara ɗauke waɗanda zan ba da uzuri a kansu kamar yadda Yaya ya ce. Goma sha ɗaya suka rage. Abin da ya ba ni mamaki, bakwai daga ciki haruffa ne ke ɗauke da aikin, kusan ba hoto, ni kuwa ban taɓa lura ina yin haka ba. Na rufe fayil ɗin tambarin, na rubuta sunana kawai, na gwada ƙ ɗin kuma ta fito.

Matsalar da ta rage: zanen fensir na yawancinsu na zubar tun tuni, na ayyuka uku kaɗai na samu a cikin wani tsohon littafi. Malam mai duba kundi, in sake zana sauran daga abin da na tuna, ko hakan ya zama ƙarya?

Mai duba kundi:
Kada ki sake zanawa, ana ganewa, sun cika tsabta. Sa na ukun da kike da su, sauran ki rubuta jimla uku-uku: me aka nema, me kika gwada, me ya sa kika tsaya a nan. Ki duba tsofaffin fayilolinki ma, masu suna "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske", galibi hanyoyin da aka watsar suna nan kwance a ciki. Idan kin kai takwas ki turo min in gani.