Neman shawara: ƙwallaye na ja na gaba, kuma ina jin nauyin shiga ƙungiya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Na ɗan jima ina koyon wasan jefa ƙwallaye sama ana cafewa, har na fara juya uku. Damuwata ita ce ba na iya tsayawa wuri ɗaya. Da na fara sai ƙwallayen su riƙa yin gaba, ni kuma ina bin su har su zube. Sannan akwai ƙungiyar masu wannan wasa da ke haɗuwa duk mako, amma da na ga masu juya biyar da masu jefa wa juna sanduna sai jikina ya yi sanyi. In bari sai hannuna ya faɗa tukuna, ko in je a haka? Wasan ya shiga raina ƙwarai, ba na so in bar shi.

Wani tsohon hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kusan kowa ta nan ya bi. Gyaran yana wajen jifa, ba wajen cafewa ba. Gaggawa ce ke sa ka saki ƙwallo da wuri, tun hannu bai gama tasowa ba, shi ya sa take yin gaba. Ka matso da gwiwar hannunka kusa da haƙarƙari, tafin hannu ya tsaya wajen ƙugu. Kowace ƙwallo ta tashi ta ɗan wuce saitin idonka, kuma kada ka saki ta biyu sai ta farko ta kai ƙololuwa tana shirin saukowa. Ka tsaya gaban bango, ko ka jingina gwiwoyinka da bakin gado, ka ga babu halin takawa, ga sauƙin tsinta. Abin da ya fi muhimmanci: in jifa ta ɓaci, bar ta ta faɗi. Duk lokacin da ka miƙa hannu ka ceto ta, koya wa hannunka ɓarna kake yi. Kuma ka koma kan ƙwallo biyu na ɗan lokaci, dama, hagu, cafe, cafe, har tsayinsu ya zo ɗaya.

Wani ɗan uwa:
Ka gwada da ƙyallaye marasa nauyi, a hankali suke saukowa, za ka samu lokacin tunani.

Tsohon hannun:
Ga yara da wanda bai taɓa farawa ba, to. Amma ƙyalle ta sama ake damƙo shi, ƙwallo kuwa cikin tafi take faɗowa. Wanda ya riga ya juya uku baya zai mayar da shi. Gara ya nemi ƙwallaye masu taushi da aka cika da ƙwayoyin hatsi, ba sa tsalle, ba sa gangarewa.

Wata 'yar uwa:
Malam, ni batun ƙungiyar ne ya tsaya mini. Ka je wannan makon. Masu juya biyar ɗin nan sun fi ka zubar da ƙwallo a ƙasa, domin kullum sabon abu suke gwadawa, babu mai lokacin yi maka dariya. Kuma kai ba ka ganin hannunka, amma wanda ke tsaye a gefe nan take zai ce maka hagunka ce ke jifa ƙasa-ƙasa. Jefa wa juna kuwa ba a koyon sa a ɗaki kai kaɗai. Dama can da haɗuwa wasan ya bunƙasa: tun 1947 aka kafa ƙungiyar masu shi ta duniya a Amurka, ana kuma bikin ranarsa a watan Yuni. Abin da ke faranta mini rai shi ne zanen da ke kaburburan Beni Hasan a Masar, na kusan shekara 4,000, mata ne a ciki suke juya ƙwallaye.

Mai son lissafi:
In ƙafarka ta tsaya, fara da jefa ƙwallo ɗaya ta waje, ta bi saman sauran. In kowace jifa ta koma haka, ka samu salo na biyu ke nan. Daga nan ka koyi juya biyu a hannu ɗaya, domin huɗu ba komai ba ce illa biyu a dama, biyu a hagu, ba sa tsallakawa. Uku da biyar ne ke tsallakawa daga hannu zuwa hannu. A ƙungiya za ka ji ana cewa 441 ko 531. Rubutun salo ne da lambobi, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1980. Ka tara lambobin ka raba da yawansu, sai ya ba ka adadin ƙwallayen.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan je in sha Allah. Yaya, da gaske hagun tawa ce mai rauni. Yaya zan yi da ita?

Tsohon hannun:
Ka riƙa farawa da ita, wato ƙwallo biyu a hagu, ɗaya a dama. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi dogon zama sau ɗaya a mako, in kafaɗa ta fara ciwo ka huta. In ka je, ka roƙi wani ya tsaya ta gefen hagunka ya kalli tsayin jifar.