Buroshin Na-Mabera da ya hana zauren 'yan aji barci

Na-Mabera: Assalamu alaikum 'yan aji. Ku bar ni in sauke abin da ke raina tun ban fashe ba. Sati biyu da sunka wuce na yi odar buroshin aski daga Legas, irin wanda ake tada kumfa da shi a fuska kafin a sa reza, don ƙurajen aski sun dame ni a wuya. Dubu goma sha biyu har da kuɗin mota. Ya iso, ina buɗe kwali wani ƙarni ya buge ni awa na shiga Kara ana jajibirin Layya. Na daure na gwada. Suka yake awa tsintsiyar kwakwa, ya shanye sabulu ya bar ni da ruwa, kuma kullum sai gashi uku ko huɗu sun zube. Na kira mai kayan, wai in yi haƙuri, haka gashin boar yake, sai an hore shi kamar wata guda. Ni na ce ƙarya ce. Ba wani kaya da za ka saya sabo a ce sai ka yi mishi tarbiyya. Ha'incin 'yan kasuwa ne kawai. Akwai mai ja?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ni ina ja, mutumina, mai kayan bai yi maka ƙarya ba. Na yi shekara shida ina amfani da irinsa. Gashin nan shan ruwa yake, ba kamar na roba ba. Kafin aski ka tsoma shi a kofi da ruwa mai ɗumi minti uku zuwa biyar, gashin kawai, kada ruwan ya kai mariƙi. Ban da tafasasshe, yana saki da gam ɗin da ya riƙe gindin. Maganin ƙarni kuwa, ka wanke shi da sabulun wanke kwano, ka tada kumfa da shi a tafin hannu, ka bar kumfar ta kwana a jikinsa, da safe ka ɗauraye. Sau biyu ko uku ya tafi. Laushin yana zuwa ne in bakin kowane sili ya tsage biyu ko uku, kuma jiƙewa da bushewa ne ke tsaga shi. Aski ashirin zuwa talatin za ka ga ya buɗe. Ka ma yi sa'a hunturu ake, iskar Sakkwato kafin azahar ta busar maka da shi ƙarau.

Ustaz Arkilla: Ku dakata. Na-Mabera, me ka ce sunan gashin?

Na-Mabera: Boar. Haka anka rubuta a kwalin, boar bristle.

Ustaz Arkilla: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alade ne fa! Sati biyu kana goga gashin alade a fuskar da kake sujada da ita, Injiniya kuma shekara shida, har yana koyar da yadda za a jiƙa shi.

Dikko Wurno: A'a Ustaz, a yi adalci. Ba alade ba ne, gadu na. Mugun dawa. Na daji daban, na gida daban.

Bakano: Dikko, gadu ɗin ɗan gidan wa ne in ba ɗan gidan alade ba? Kawunsa ne da ya ƙi zaman gari 😂

Injiniya: Gadu namu na Afirka ne, kuma ba shi da gashin kirki ma. Kalmar boar tana nufin namijin alade ko aladen dajin Turai da Asiya. Gaskiyar magana, yawancin gashin da ake buroshi da shi na aladen kiwo ne, daga Sin ake kawo shi, kamfanoni irin Omega na Italiya da Semogue na Fotugal su ɗaure shi. Ban ɓoye ba.

Dikko Wurno: To ni dai kakana maharbi na, kuma bai taɓa ce ma gadu alade ba.

Bakano: Ya ci ke nan?

Dikko Wurno: Bakano ka kiyaye ni. Kakana ya fi ƙarfin bakinka.

Ustaz Arkilla: Ku bar wasa. Wuri huɗu Alƙur'ani ya ambace shi: Baƙara 173, Ma'ida 3, An'am 145, Nahli 115. A An'am Allah ya kira shi ƙazanta ƙarara. Na-Mabera ka jefar da abin nan yau, ka wanke fuska sau bakwai, ka tambayi malamai hukuncin sallolinka na sati biyu.

Malam Na-Hubbare: Ustaz, sannu da ƙoƙari, amma a bi a hankali da ɗiyan mutane. Ayoyin da ka kawo duka huɗu nama sunka ambata. Wa ya ce maka yaron ga cin buroshi yake? Mu nan Malikawa muke, a kai munka tashi, a kai Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello sunka karantar. Ka buɗe Muhtasar na Halil, babin tsarki, ya lissafa ulu da gashi cikin abubuwa masu tsarki, har ya ce ko da na alade ne in an sausaye shi. Wajenmu ma duk abu mai rai mai tsarki ne. Wanki bakwai da kake faɗi, na ƙwaryar da kare ya sa baki ne, Shafi'awa ne sunka haɗa alade ciki. Sallarka ta yi, Na-Mabera, kwantar da hankalinka.

Ustaz Arkilla: Allah gafarta Malam, ina girmama ka, amma ni aya na kawo, kai ka kawo Halil.

Malam Na-Hubbare: Halil ɗin bai karanta ayar ba, sai kai da ka gan ta a waya? Kurɗubi ma a tafsirin ayar Baƙara ya ware gashin, ya ce ana ɗinkin fata da shi. Hanafawa da sunka ce aladen duk najasa ne, su ma sun yi wa dukawa rangwame kan ɗinki.

Ustaz Arkilla: Rangwamen lalura ke nan. Wace lalura ce a kumfar aski? Kuma Malam da bakinka ka ce in an sausaye. Wa ya tsaya a kan aladen Sin ya ga da almakashi aka yanke ko tugewa aka yi?

Injiniya: Nan kam Ustaz ya taɓo wani abu. Galibi bayan an yanka dabbar ake cire gashin, a wanke, a dafa shi ya miƙe, a jera shi tsawo-tsawo.

Malam Na-Hubbare: Masu sharhi sun riga ku. In an tuge, gindin da ya ɗauko fata shi ne najasa, sauran silin mai tsarki ne. Gindin kuwa Injiniya ya ce yana cikin gam.

Ustaz Arkilla: Ruwa ba ya shiga gam ɗin ya fito?

Bakano: Yau ga fiƙihun gam.

Na-Mabera: Jama'a ni fa tambayata ita ce ko an cuce ni ko ba a cuce ni ba.

Ustaz Arkilla: Kai ka cuci kanka tun ranar da ka sa reza a gemu. Hadisin Ibn Umar yana Buhari da Muslim, a cika gemu a rage gashin baki. Da ka bi shi da ba ka san wani buroshi ba.

Na-Mabera: Ustaz wuyana nake askewa da saman kumatu. Gemuna na nan, ka gan shi ranar ɗaurin auren ƙanen Dikko.

Ustaz Arkilla: Wannan layin da anka zana da rula kake kira gemu?

Malam Na-Hubbare: Ga irinta nan. An fara da buroshi an koma awon gemu da kamu. Ku kullum haka kuke.

Ustaz Arkilla: "Ku" su wa, Malam? Faɗi sunan mana.

Malam Na-Hubbare: Wanda ya tsargu shi ya sani.

Ɗan Wanzam (admin): Dokar zaure ta 2, ban da Izala da Ɗariƙa. Na yi gargaɗi na farko.

Alhaji Mai Fenti: Don Allah ku tsaya, hankalina ya tashi. Yanzu na duba shago, rabin buroshin fentin da nake sayarwa an rubuta pure bristle a jikinsu. Injiniya shi ma shi ne?

Injiniya: Alhaji sai haƙuri, in dai na gashi ne na gaske, galibi shi ne. Masu fenti sun fi son sa saboda tsagaggen bakin nan yana riƙe fenti. A Malesiya a 2017 har hukuma ta shiga shaguna ta kwashe buroshin fenti sama da 2,000 kan zargin na alade ne ba a rubuta ba. In kana son ganewa, tsinke sili ɗaya ka sa masa ashana. Na dabba zai yi ƙaurin babbakar kai ya zama toka, na roba zai narke ya dunƙule.

Alhaji Mai Fenti: La haula. Da su munka yi wa masallacin unguwarmu fenti kafin azumi.

Bakano: Ustaz, masallacin za a wanke sau bakwai ko kankarewa za a yi?

Ustaz Arkilla: Bakano ba na wasa da addini. Alhaji bai sani ba, babu laifi a kansa. Injiniya ne ya sani yake yi.

Injiniya: Na sani, kuma na tambaya kafin in saya, aka ba ni amsar da Malam ya bayar yanzu. Ban tilasta wa kowa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ga na roba nan, ba ƙarni, ba jiƙo, ba horo, ranar farko yake aiki. Akwai na gashin doki, Sifaniyawa na yi. Akwai na wata dabba dangin dage, shi ya fi tsada da laushi.

Dikko Wurno: Dage? Wanda ke tone kabari?

Injiniya: Danginsa na ce, Dikko.

Dikko Wurno: Gara gadun.

Bakano: Sakkwatawa ke nan. A Kano da tuni wani ya buɗe shagon buroshi na halal a Kwari ya sa farashi biyu, ku kuna nan kuna munka da sunka.

Malam Na-Hubbare: Da munka da sunka anka ba kakanninku tuta, yaro.

Bakano: Na durƙusa, Baba Malam 🙌

Dikko Wurno: Bakano kafin ka buɗe shago ka fara biyan dubu biyar ta taron aji ta bara. Ni ne ma'aji, sunanka na nan ba alama.

Bakano: Na tura wa Na-Mabera tun watan Sha'aban.

Na-Mabera: Wane Na-Maberan? Kawo shaidar banki.

Bakano: Ashe da kuɗin aji aka sayi buroshin alade.

Na-Mabera: Wallahi Bakano in ba ka janye wannan ba zan fita zauren nan.

Ɗan Wanzam (admin): Ba inda za ka. Ni abin da ke ba ni mamaki, mutum yana Sakkwato, garin da wanzami zai zo har zaurenka da zabirarsa, ruwa da sabulu da tafin hannu ya laushe maka gashi ya kwashe shi tas da aska, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, amma ka aika dubu goma sha biyu Legas a kawo maka wari. Babana shekara arba'in yana aski bai taɓa riƙa buroshi ba.

Nas Bashar: Yaya admin, da girmanka, aska ɗaya a kan mutum goma ita ce hanyar ciwon hanta nau'in B. Muna ganinsu a asibiti. In za a je wa wanzami a tafi da sabuwar reza. Ni wannan ya fi damuna a kan gashin da aka dafa.

*(admin ya goge saƙo)*

Nas Bashar: Me na faɗa da aka goge na biyun?

Ɗan Wanzam (admin): Cin mutuncin sana'a. Wanzaman yanzu kowa sabuwar reza yake ɓarewa a gabanka. Dare ya yi, bari in taƙaita a rufe.

Abin da zaure ya cimma: an tabbatar buroshin Na-Mabera na alade ne, Injiniya da kansa ya amsa. Malamanmu biyu sun yi bayani mai gamsarwa, kuma in ka duba da kyau duk sun haɗu a kan cewa barinsa ya fi. An kuma tabbatar yana wari, yana suka, yana zuba, wato dai an cuci ɗan'uwanmu. Mafi yawan 'yan aji sun nuna aski na gargajiya ya fi lafiya da tsarki da araha. Mai bukata, ƙanena na zama bakin Tsohuwar Kasuwa kullum bayan la'asar, Juma'a tun hantsi. Maganar dubu biyar an miƙa wa ma'aji.

Malam Na-Hubbare: Ni ban ce barinsa ya fi ba. Cewa na yi mai tsarki ne.

Ustaz Arkilla: Ni kuma ban haɗu da kowa ba.

Injiniya: Kuma ba a cuce shi ba. Su waye mafi yawan, admin? Kai kaɗai ka ambaci wanzami, sai Nas da ka goge.

Ɗan Wanzam (admin): An rufe.

Na-Mabera: Injiniya duba akwatinka, na turo maka hoto. Na jiƙa shi tun da kunka fara faɗan gadu na manta, yanzu awa uku. Ya lalace?

Injiniya: Bai lalace ba, wasu ma kwana biyu suke barinsa a ruwan sanyi cikin firji don ya yi saurin tsagewa. Matse shi, goga a tawul, ka tsayar da shi inda iska ke bugawa.

Na-Mabera: Firjin da uwargida ke sa zoɓo? Ta ji sunan dabbar nan ni da buroshin duk a waje za mu kwana.

Alhaji Mai Fenti: Na ƙona sili ɗaya. Ƙaurin babbaka yake. Malam zan kira ka bayan asuba.