Matse jijiyoyin hanta lokacin tiyata: yana jawo daskarewar jini?

Ɗalibar tiyata: Salamu alaikum malamaina. Idan an matse ƙofar hanta da dabarar Pringle don rage zubar jini, tsayawar jinin ba ta sa ya daskare a jijiyar fotal? Kuma tunda INR, wato awon jinkirin daskarewar jini, kan hau bayan aiki, a jinkirta hefarin, maganin hana daskarewar jini, ne?

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam. Tun 1908 wani likitan tiyata mai suna Pringle ya bayyana dabarar. Yanzu akan zagaya tef a gindin hanta a matse jijiyar fotal, mai kawo kusan kashi 75 cikin 100 na jinin, tare da jijiyar da ke kawo ragowar. Yawanci minti 15 ake matsewa, a saki minti 5. Hanta lafiyayya kan jure awa guda a jere, wadda ta taurare ba ta jurewa. Daskarewa na faruwa, musamman idan matsin ya yi tsawo ko ya ƙuje bangon jijiyar. Amma abin da na fi tsoro shi ne lanƙwashewa: bayan cire ɓangaren dama, ragowar hagu kan juya ya faɗa gurbin, jijiya ta tanƙware, jini ya tsaya. Shi ya sa ake ɗinke tantanin da ke rataye hantar a jikin bangon ciki kafin a rufe.

Likitan sa barci: Malam, in ƙara. Pringle ba ya hana jinin da ke komowa ta jijiyoyin da ke fita daga hanta. Wannan namu ne: mu rage ruwa, awon matsin jini a babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ya zauna ƙasa da 5. Idan ya yi ƙasa sosai, iska na iya shiga jijiyar da ta buɗe.

Likitar jini: 'Yar'uwa, kada INR ya ruɗe ki. Yakan hau a kwana 1 zuwa 2, amma ɓangare ɗaya kawai yake aunawa, wato sinadaran da ke daskarar da jini. Hantar ce kuma ke yin furotin C da antitirombin masu hana daskarewa, su ma sun faɗi, alhali sinadari na 8, mai taimaka wa daskarewa, ya ƙaru. Sai ki ga takarda na nuna jini ya tsinke, gudan jini kuwa na haɗuwa a ƙafa. Da zarar zubar jini ya tsaya a fara nau'in hefarin da ake kira mai ƙaramin nauyi, mai ciwon daji ya ci gaba har mako 4. Idan ruwan ciki ya ƙaru farat ɗaya ko laktet, sinadarin da hanta ke kawarwa daga jini, ya ƙi sauka, a yi hoton Dofla mai nuna gudanar jini a jijiya a ranar, kada a bari sai gobe.