Shawarwari Kan Yadda Ake Tallata Ƙwaƙwalwar Katin Hoto na Kwamfuta

A wata tattaunawa kan ƙwaƙwalwar katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hotuna a kwamfuta, abin da akasarin mahalarta suka yi ittifaƙi a kansa shi ne, kada mai saye ya ruɗu da yawan gigabait da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, domin nau'in ƙwaƙwalwar da faɗin hanyar da bayanai ke bi su ma suna da tasiri sosai. Sun kafa hujja da katin hoto samfurin RTX 3060 mai gigabait 12, wanda RTX 3060 Ti mai gigabait 8 kacal ya fi shi ƙarfi.

Wasu sun tuno GTX 970 na shekarar 2014, da aka tallata da gigabait 4 alhali rabin gigabait daga ciki tafiyar hawainiya yake yi. GT 1030 kuwa, abin takaici, suna ɗaya ne amma iri biyu, mai ƙwaƙwalwa nau'in GDDR5 da mai nau'in DDR4 da bai kai shi sauri ba, don haka suka ce a tantance nau'in kafin a biya kuɗi.