Don Allah shawara: kwana uku a Biyena da Yuro 200, zai yiwu?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kammala digiri a Debrecen, ƙasar Hangari. Shekara huɗu daga aji sai ɗaki sai wurin wanke-wanken da nake ɗan taɓawa. Tun rasuwar Baba, Yaya ke riƙe da gida, shi ya biya kuɗin jirgina, kuma duk wayar da za mu yi sai ya tuna mini. Saura mako uku in koma Kano, ga Yuro 200 da na tara. Raina ya biya in ga Biyena, babban birnin Ostiriya, in tsaya gaban fadar Schönbrunn ko sau ɗaya. Hajiya ba ta sani ba. Kuɗin zai isa? Wallahi barci ya gagare ni.

Na-Turai: Wa alaikumus salam. Ƙanena saurara, shekarata 11 a Turai. Ka hau bas ɗin FlixBus daga Budapest, babban birnin Hangari, kusan awa uku ne, ka manta da jirgin ƙasa. Ka kama gado a ɗakin haɗaka. Lambun Schönbrunn kyauta ne, cikin fadar ake biya, kuma ba abin da za ka rasa. Kar ka sayi ruwan gora, na famfonsu daga duwatsu yake zuwa. Abincin halal ka nufi kasuwar Brunnenmarkt wajen Turkawa. Lahadi kantuna a rufe suke, ka yi guzuri tun Asabar. Juma'a kuwa jirgin cikin gari, layin U6, zai kai ka tashar Neue Donau, babban masallacin da aka buɗe a 1979 yana nan bakin ruwa.

Bakatsine: Yallaɓai jirgin ƙasa bai kai awa uku ba, in ya sayi tikiti da wuri bambancin kaɗan ne. Ni dai garin bai bar mini daɗi ba. Tashar jirgin cikin garinsu ba shinge, na ce banza ta faɗi, masu duba tikiti suka cafke ni, tarar ta haura Yuro 100. Abokin da ya zuga ni ko sisi bai taimaka ba, har yau ba ma ga maciji.

Uwar Biyu: Ɗana, tsarabar Hajiya fa? Haka ƙanena ya dawo da hotuna cike da waya, hannu na dukan cinya, ni na biya masa kuɗin mota daga Abuja.

Ɗan Auta: Anti ai gumina ne, ba na Yaya ba. Turarenta na saya tuni. Kuma ni cikin fadar nake son shiga, don ita zan je.

Na-Turai: To ka shiga ka kwana da yunwa. Bakatsine, kai da aka kama kake ba da shawarar jirgi?

Malamin Lissafi: Ku dakata. Yaushe katin zamanka zai ƙare? Da shi kake yawo cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, in ya mutu zancen ya canza. Kuma ka lissafa kuɗin Debrecen zuwa Budapest, zuwa da dawowa?

Ɗan Auta: Malam ba a tsayar da kowa a wannan iyakar, wani ɗan ajinmu ya faɗa mini.

Malamin Lissafi: Ana tsayarwa wani lokaci. Kwanan watan na tambaye ka.

Na-Turai: Ni da Firag, babban birnin Czech, ka tafi ma, ta fi araha.

Ɗan Auta: Biyena dai. Akwai wanda ya san masauki kusa da tashar jirgin ƙasa ta Westbahnhof?